Ɗanyen Tubalin Ranau

Ku matso kusa, ku bar min hayaniyar nan, in ba ku labarin tubalin da ya ƙi bushewa. Ni jikar magina ce, daga Tudun Makuba can ƙasar Zazzau. A gidanmu babu wanda bai san labarin nan ba, amma mazanmu ba sa son a tayar da shi, shi ya sa ni kuma nake jin daɗin bayarwa.

Maginan gidanmu suna da al'adu biyu tun kaka da kakanni. Ta farko, idan magini zai yi tafiya mai nisa, sai ya cura tubali guda, ya danna tafin hannunsa a kai, ya ba matarsa ta ajiye. Muddin yana raye tubalin nan ɗanye zai zauna, ko da rani ya kai rani. Ta biyu, duk bangon da suka tayar, sai sun bar tubali ɗaya a kusurwar gabas, daidai gwiwar mutum, wanda ba a ɗaure shi da laka ba. Tubalin baƙo ake ce masa. Dalili kuwa, bango yana tare hanyar mutanen ɓoye, kuma ba a tare wa mai wuri hanya a zauna lafiya.

To, a zamanin da ake maganar akwai wani kakanmu, Ranau, gwanin da in ya yi yaɓe sai ka rantse da harshe aka lashe bangon. Aka kira shi aiki wani gari a bakin Kwara. Ya cura tubalinsa, ya miƙa wa matarsa Hakama, ya shafa kan 'yarsu Dela wadda ko yaye ba a yi mata ba, ya bi ayari. Mahara suka tare su a hanya. Daga nan aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku. Kada ku ce fararen fata ne suka fara sayar da shi, wallahi waɗanda suka ɗaura masa igiya alƙibla ɗaya suke kallo da shi.

Hakama ta sa tubalin a cikin tukunya ta rufe da faifai. Shekaru suka yi ta turawa. Yayan mijinta Jatau ya zo ya yi nasiha, ya zo ya yi faɗa, ya ce ta yi takaba ta yi aure, wanda teku ta haɗiye ai ba ya dawowa. Ita dai sai ta ɗauko tubalin ta ce ya taɓa. Yana taɓawa yatsansa ya nutse, sai ya goge a rigarsa ya fita yana ƙunƙuni. A haka Dela ta girma, ta yi aure, har ta haihu. Ranar da aka yi suna, Hakama ta ga ba sauran abin da ya riƙe ta.

Da rana ta take tsaka, lokacin da mai hankali ba ya zuwa bakin ruwa, ta nufi kududdufin da magina ke ɗibar ƙasa. Ta durƙusa ta yi sallama. Ruwan ya dare, wani dogo ya taso, jikinsa duk taɓo, kwaɗi zaune a kafaɗunsa kamar fadawa. Shi ne Mai-Taɓo, aljanin da ke da wurin.

Ya ce, "Wane ne ya tashe ni da rana tsaka, ba galma ba kwando?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mai ƙasa da abin da ke cikinta. Matar magini ce. Ba ƙasa na zo ɗiba ba, mai ɗibar ƙasar na zo nema."

Ya karɓi tubalin ya sansana, ya ce lallai wannan naman jikinsa ne, kuma mai hannun yana raye a bayan ruwan da ba a sha. Ya ce ba zai karɓi ladan komai ba, domin gidansu bai taɓa toshe masa hanya ba. Ya shafe tubalin da makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ke hana damina cin bango, ya miƙa mata.

Ya ce, "Ki goya shi, 'yar Adam, kada ki sauke ko a ina. Ki koma zaurenku ki zare tubalin baƙo, ki shiga. Hanyarmu daga kafa zuwa kafa take, duk inda maginin gidanku ya yi bango, nan muna da ƙofa. Inda bangonsu ya ƙare, ƙafarki ta ƙarasa."

Hakama ta goya tubali da zane kamar jariri. Ta zare tubalin baƙo a zaure, ramin da ko kaza ba za ta shiga ba, ta yi bisimilla ta sa kai, sai ga ta ciki. Ta ɓulla a rumbun wani gari, ta koma, ta ɓulla a bayan wani masallaci, ta koma, ta ɓulla a wani kurkuku inda mutane ke zaune ƙafa a mari ba wanda ya gan ta. Ta yi ta ɓulla tana komawa har ta fito a wani kango cikin kurmi, inda bangon Bahaushe na ƙarshe ya tsaya. Daga nan ta taka da ƙafa. Ƙaya ta ci tafinta, tsutsar ruwa ta sha jininta, birai suka yi ta jifanta da 'ya'yan itace, ba ta waiwaya ba sai da ta ji ƙugin teku.

A bakin tekun ta tarar da kasuwa, amma ba mai saye ko ɗaya. Wata tsohuwar aljana ce zaune, kunnuwanta har ƙasa, gabanta ƙorai jere iya ganinka. Cikin kowace ƙwarya wasu 'yan abubuwa ne masu kama da wuri, suna ta motsi suna ƙananan maganganu. Tsohuwar ta ce sunanta Inna Tsintuwa, kuma abin da take sayarwa sunaye ne. Duk bawan da za a sa a jirgi, sai an watsa masa ruwa an laƙaba masa sunan da uwarsa ba ta sani ba, nasa na gida ya faɗi a rairayi, ita kuma ta bi tana tsincewa.

Ta ce, "Ba a shiga teku neman marar suna. Kira sunan mijinki, in yana nan zai amsa."

Nan fa ake yin ta. Ku 'yan yanzu da ke kiran mazanku gatsal kamar kuna kiran akuya ba za ku gane ba. Hakama tun da aka kai ta ɗakin Ranau sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a mafarki. Ta sunkuyar da kai ta ce Maigida. Ƙorai suka ɗauki motsi gaba ɗaya, don kowane ɗaya maigidan wata ne. Ta ce Baban Dela, wasu da yawa suka yi tsalle. Ta ce Gwani, tsohuwar ta yi dariya har kunnuwanta na share ƙasa, ta ce ta koma gida in wasa ta zo yi.

Hakama ta duba dama ta duba hagu, gumi ya karyo mata. Ta rufe ido ta ce, "Ranau."

Wani ɗan ƙarami ya yi tsalle daga ƙwaryar can ƙarshe ya faɗo a tafinta, sanyi ƙalau. Ta tambayi abin da za ta biya. Inna Tsintuwa ta ce ai ta riga ta biya, kunyar shekara da shekaru ta zubar a gabanta, kuma ta daɗe ba ta sami ciniki mai tsada haka ba. Ta ce ta sa sunan a ƙarƙashin harshe, kada ta fito da shi sai a gaban mai shi. Sannan ta gargaɗe ta cewa za ta haɗu da matafiya a ƙasa, za su yi mata tambaya, kuma duk wanda ya yi musu ƙarya sahunsu yake shiga. Ta kama bakin teku ta naɗe shi kamar tabarma, hanya ta bayyana tana gangarawa.

Hakama ta gangara. Ruwa ya rufe a samanta, amma tana numfashi, makuba kuma ta hana ruwa cin goyonta. Ba ta yi nisa ba ta ji ƙarar sarƙa. Mutane ne, sahu guda wanda ba a ganin ƙarshensa, maza da mata, duk sun nufo gabas, ita kuma ta nufi yamma. Waɗannan su ne waɗanda aka jefo daga jirage, marasa lafiya da masu taurin kai da waɗanda suka yi wa jirgi nauyi. Sun mutu, amma ba wanda ya gaya musu su tsaya, sai suka kama hanyar gida a ƙasan teku.

Da suka ga tsagar fuskarta suka yanyame ta. Wannan ya tambayi ko Gobir da sauran nisa. Wata ta tambaya ko an yaye ɗanta, Hakama ta ce ba ta sani ba, matar ta ce to wa ya sani, ta wuce. Wani dattijo ya ambaci garinsa, ya ce yana nan? Hakama ta san garin, ta ɓulla a cikinsa a tafiyar nan. Bakinta ya so ya ce yana nan lafiya, ta danne.

Ta ce, "Baba, kango ne. Ko kare babu."

Dattijon ya ce to, ya gyara sarƙarsa a kafaɗa, ya ci gaba da tafiya gabas ɗin dai. Kowace amsa ta bayar sai gashi ɗaya ya yi fari a kanta, kafin ta kai rabin hanya kanta ya koma auduga. Tana tafe tana leƙa fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta ga ba Ranau ba ne sai ta ce alhamdu lillahi.

Ana cikin haka sai inuwa ta rufe su. Sarkin kifayen nan ne masu bin jiragen bayi, ya yi ƙiba da naman mutane har ba ya iya juyawa da sauri. Ya ce yana jin ƙanshin mai rai, a fito da shi. Matattun nan ba su yi shawara ba, suka kewaye Hakama suka rufe ta da jikinsu, suna kaɗa sarƙoƙi har kifin ya ruɗe ya wuce. Dattijon nan ne ya dawo da baya ya tsaya a gabanta. Ya ce tun da suka fara tafiyar nan ita kaɗai ta gaya musu gaskiya.

Daga ƙarshe ta iso wani birni na murjani a ƙarƙashin ruwa. Da gani ka san an yi birni a nan, amma duk gidajen ba rufi, an yanke kawunansu an bar su a buɗe. A tsakiyar fada wata mace ce zaune, fara fat, gishiri ya daskare a gashin idonta saboda kuka. Ita ce Uwar Gishiri, sarauniyar wurin. Hakama ta faɗi ta yi gaisuwa, ta faɗi abin da ke tafe da ita.

Sarauniya ta ce, "Na san mijinki, matar magini, na san shi fiye da yadda nake so. Ɗaga kanki ki duba."

Hakama ta ɗaga kai. Ta cikin ruwa ta hango tsibiri, da birni a kansa, da wasu ganuwoyi na dutse sun yi masa zobe.

Sarauniya ta ce, "Turawan Sifaniya ne. Sun kwaso azurfa da zinariya daga ƙasashen da ba nasu ba, suna tarawa a nan kafin su wuce gida. Mai kayan sata kuwa ya fi kowa tsoron ɓarawo. Sai suka sassare gidajenmu suka yi bango da su, suka kawo irinku suka ɗora musu duwatsun. Igwoginsu teku suke kallo, amma ƙofofinsu daga waje ake kulle su. Ganuwa ta fari da ta biyu mijinki ya bar mana kafa, muna shiga muna gaida duwatsunmu. Ta uku ya toshe. Autata Ƙyalli tana barci cikin wani dutse aka sare shi da ita, tana cikin bangon nan, ina jin kukanta ba ni da hanya."

Ta ce za ta janye ruwa daga gindin ganuwar da rana tsaka, abin da ba ta iya yi sai sau ɗaya a rayuwar ɗan Adam. In Ranau ya buɗe kafar kafin ruwa ya dawo, ita ta ɗauki 'yarta, su kuma ta kai su Tudun Makuba kafin la'asar. In bai buɗe ba, ba mai fita.

Aka ɗora Hakama a kan igiyar ruwa aka tasa ta sama. Ganuwa ta fari tana kan wani tsauni a bakin mashigar jirage. Hakama ta ga ganuwar Zazzau, amma ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Kaurin bangon ya isa a yi sukuwa a kansa, igwogi sun leƙo ta kowace kafa, a kowace kusurwa an rataya wani ɗan ɗakin mai gadi yana lilo a kan teku. Sojoji suna kai da kawo da jajayen fuskoki, ba wanda ya gan ta. Ta nufi kusurwar gabas ta laluba daidai gwiwa, dutse ya zaro ba gardama. A bayansa ta tarar da wani ɗan gini na laka wanda bai fi tafin hannu ba. Ɗakinta ne, da zankayensa, da 'yar tagar da ya huda mata don hayaƙi. Sarauniya, da ke biye da ita ta cikin ruwa, ta ce lokacin da ya yi wannan, bayansa ɗanye yake da bulala. Hakama ta zauna a wurin ta yi kuka mai isarta.

Ganuwa ta biyu ƙarama ce, a kan wani dutse a ɗaya gefen mashigar. Tsakaninta da ta fari an ja wata ƙatuwar sarƙa wadda ake ɗagawa a tare jirgin abokan gaba. Nan ma akwai dutsen baƙo, amma ya matse, sai da ta karya farce kafin ya fito. Ta zura hannu har kafaɗa, ba komai a bayansa. Ta ce wa ranta wataƙila laka ce bai samu ba.

Ta uku ita ce uwarsu, a kan tudu inda tsibirin ya tsuke kamar wuya, bango bayan bango, rami bayan rami, ƙafarta ɗaya a cikin teku. Daidai nan rana ta take, ruwa ya ja baya da wani irin nishi, gindin bangon ya bayyana. Hakama ta laluba kusurwar gabas daga sama har ƙasa. Ko allura ba za ta shiga ba. Igiyar ruwa ta ɗaga ta zuwa ɗan ɗakin mai gadi, ta leƙa ta wata tsaga mai faɗin tafin hannu.

A ciki bayi ne ke ɗaukar farar ƙasa a ka, ana ta share-share. A inuwa wani ne zaune a kan kujera, da malafa irin ta Turawa da sanda mai kan azurfa. Wani tsoho ya yi tuntuɓe ya zubar da kayansa a gefen bango. Mai malafa ya miƙe ya zuba masa sandar nan a gadon baya, yana zaginsa da wani harshe. Hakama ba ta gane fuskar ba, amma ta gane hannun da ya ɗaga sandar, shi take goye da shi.

Ta fito da sunan daga ƙarƙashin harshe, ta kira shi. Sunan ya shige ta tsagar ya faɗi a gabansa. Mutumin ya sandare. A wurin nan Maistiro suke ce masa, wato gwani da harshensu, rabon da ya ji Ranau tun bakin teku. Ya tako a hankali ya sa ido a tsagar.

Ya ce, "Hakama? Ina gashinki?"

Ta ce, "Na biya kuɗin hanya da shi, Maigida."

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi kuka. Ya tambayi uwarsa, ta ce ta rasu tana kallon ƙofa. Ya tambayi Dela, ta ce ta haihu, namiji. Ya dafe bango da hannu biyu kamar zai faɗi. Ta gaya masa sharaɗin sarauniya, ta tambaye shi ina dutsen baƙo. Ya kawar da ido. Ya ce shugaban aikin ne wata rana ya bi bangon yana shafawa, ya yaba, ya kira shi Maistiro a gaban kowa, ya ba shi malafa da sanda da kujera. Da hannunsa ya kai kan dutsen da ke motsi, sai ya ce gwani ba ya barin irin wannan. Shi kuma a ranar ya ɗaure shi da farar ƙasa.

Ta ce abin da ya wuce ya wuce, hannun da ya ɗaure shi ne zai kwance. Ya ce haka ne. Ya jefar da sandar, ya ɗauki guduma da ƙarfen sassaƙa, ya gangara kusurwar gabas da gudu. Ita ma aka sauke ta ta waje. Akwai wani indararo a wurin da ruwa ke fita, ta nan suke jin juna.

Ta ji guduma ta fara. Farar ƙasa ta soma zubowa ta gefenta. Tana ta ce masa ƙara, Maigida, ƙara. Wata 'yar tsaga ta buɗe, siririya, haske ya ratso. Daga cikin bangon muryar yarinya ta ce Inna, teku gaba ɗaya ta yi rawa. Sarauniya ta matso har gishirin idonta na narkewa. Can nesa ruwa ya fara juyowa.

Sai ƙararrawa ta kaɗa a cikin ganuwa, ganguna suka ɗauka. Guduma ta tsaya.

Hakama ta kira shi, shiru. Ta sake kira. Sai ta ji wata ƙara a hankali, shaf, shaf, shaf. Babu matar maginin da ba ta san wannan ƙarar ba, ko daga barci aka tashe ta. Tafin hannu ne ke bin yaɓe. Hasken nan ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace.

Muryarsa ta fito ta indararo. "Hakama, ki yi haƙuri zuwa gobe. Gwamna ne ya iso, yau zai zagaya bangon, kuma an yi alkawarin za a nuna ni a gabansa. Ba zan bari ya ga tabo a aikina ba."

Ta ce, "Aikinka? Gidan wa kake tsarewa da shi? Babu gobe, ruwa ga shi nan ya taso."

Ya ce, "Ba ki san abin da aka yi mini ba. Jaki aka mai da ni a ƙasar nan. Da bangon nan na koma mutum. In na ɓata shi, me ya rage mini?"

Ta ce, "Ni. Da Dela. Da jikanka."

Ita ta ɗauka tunani yake, ashe gefen yaɓen yake gyarawa. Da ya gama ya ce, da wata murya mai taushi wadda ta fi zagi ciwo, "Da za ki ga yadda ya koma, ko ke ba za ki gane wurin ba."

A lokacin ne ta ji bayanta ya yi sakayau. Goyon da ta sha nauyinsa tun daga Zazzau ya zama ba nauyi. Ta kwance zane ta duba. Tubalin ya bushe ƙayau, shatin hannun ya tsattsage, ga kuma mai hannun tana jin tarinsa a bayan bango. Ya wanke hannunsa, ruwan wankin ya biyo indararo, ya turo ɗan sunan nan ya faɗo a ƙafarta. Ko ɗaga shi daga ƙasa bai yi ba.

Ruwa ya dawo ya rufe gindin ganuwa. Hakama ta jira sarauniya ta halaka ta, ba ta ma damu ba. Uwar Gishiri ta dube ta ta ce, "Tashi, matar magini. Ni da ke bango ɗaya ya cinye mu." Ta sa aka ɗauke ta aka kai ta gaɓar da ta fito. Ita kuwa ta koma ta fara dukan bangon nan da ruwa, kuma waɗanda suka je sun ce har yau ba ta daina ba. Turawan sun daɗe da tafiya, igwogin sun yi tsatsa, mutane na zuwa daga ko'ina suna shafa dutsen suna yaba wanda ya gina. Allah ya isa, ba wanda ke tambayar wa ke kuka a ciki.

A bakin teku Hakama ta ajiye wa Inna Tsintuwa sunan a ƙwaryarsa, ta ce ta sayar wa mai so. Shi ya sa har gobe ba a sa wa yaro Ranau a gidanmu. Ta bi kafa zuwa kafa ta ɓulla a zaurensu, ta mayar da tubalin baƙo mazauninsa. Ta je kududdufi ta jefa busasshen tubalin a ruwa. Mai-Taɓo bai fito ba, ita ma ba ta yi sallama ba.

Ga inda zancen ya tuƙe, ku ɗauka ko ku bari. Da ta shiga gida ta kwance kitso, ta ɗaura tsohon zane, ta ce a gaya wa dangi ta shiga takaba. Jatau ya zo yana dogara sanda, ya tsaya a bakin ƙofa. Shi da ya yi shekaru yana roƙonta ta yi, yanzu shi ne ke ja da baya. Ya ce ba a takaba da zato, ta ga gawarsa da idonta? Ta ce ba ta gani ba. Ya ce to ta ga kabarinsa?

Ta ce, "Na gani, Yaya. Shi ya gina abinsa da hannunsa, kuma wallahi ya ginu."